Koriyar Fuskar Eulàlia

Ni na yarda mutumin Paris ya zana matata Eulàlia, daga nan gidana ya lalace.

Sunansa Aubrac. Ya zo garinmu Collioure lokacin zafi a 1905, ya kama ɗakin samanmu. Ba ruwansa da kowa, sai fenti. Ya zana tekunmu ja, jirgina kuma launin lemo. Na ce masa, "Shekara ashirin ina kan ruwan nan, ban taɓa ganinsa ja ba." Ya ce shi haka yake jinsa a ransa. Na ƙyale shi.

Da ya nemi Eulàlia ta zauna masa a bakin taga, ita ba ta so ba. Na ce, "Ke dai zauna mana, cizo yake yi?" Kwana huɗu ta zauna.

Da ya gama, ya kai zanen gidan giyar Pepeta ya jingina da bango, wai mu gani. Lahadi ce, an taso daga coci, masunta sun cika wurin. Eulàlia ce, ba mai musu, hancinta ne, idanunta ne. Amma goshin kore shar, kumatu shuɗi da shunayya, leɓe kamar hanta.

Mutumin Paris bai san abin da muka sani ba. Duk wanda ya taɓa jawo gawa daga teku bayan kwana uku ya san wannan launi.

Tsoho Bonaventura, mai tuƙa min jirgi, ya cire hula ya yi alamar gicciye, ya kira sunana.

"Narcís, yaushe ta nutse ba a gaya mana ba?"

Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba.

"Fenti ne, tsohon banza," na ce.

"Fenti ne, na ji. Je ka gaya wa teku."

A garinmu mata ke tsayawa bakin ruwa in jirgi zai fita, su kuma taya mu jawo shi kan tsakuwa in mun dawo. Litinin Eulàlia ta zo kamar kullum. Mutanen jirgina biyar suka zauna kan raga, ba wanda ya motsa.

"Ba ma shiga ruwa fuskar nan na kallonmu," in ji Bonaventura. "Ba gaba muke da ke ba, 'yata. Muna da iyali ne."

Jirgin kamun kifin sardin ba ya fita da mutum ɗaya, kuma kakar kifi ba ta jiran kowa. Na juya na ce mata, "Koma gida."

"Yau kaɗai?"

"Yau kaɗai."

Ranar muka kama kifin da ban taɓa kama irinsa ba, har raga ta yage. Da mun dawo hannu wofi, da maganar ta mutu. Amma yanzu kowa ya samu hujja. Bonaventura ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka gani?" Ni ma na fara gani, ba zan yi ƙarya ba.

A rumfar gishirin kifi inda take aiki, matan suka ce kada ta ƙara sa hannu a gangarsu. Suka laƙaba mata Nutsattsiya. Suna irin wannan a wurinmu ba ya fita, har jikoki ke gadonsa.

Aubrac ya naɗe zanensa a watan Satumba, zai koma Paris. Ya riƙe hannun Eulàlia ya ce bai taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba. Ta ce masa ya sauka lafiya.

Bayan shekara shida Bonaventura ya mutu a kan gadonsa, sauran suka watse, na ɗauki sababbin mutane. Na shiga na same ta a kujerar nan ta bakin taga.

"Tashi mu je bakin ruwa. Ba mai cewa komai yanzu."

"Ka ce yau kaɗai, maigida," ta ce. "Yau ɗin bai ƙare ba."

Ban ƙara tayar da maganar ba.

Limamin cocinmu ya ce ya ga zanen a wani babban gida a Paris, mutane na layi su kalle ta, wai launin kamar yana waƙa. Na gaya mata. Ta tambaya ko sun san sunanta. Ba su sani ba, an rubuta mace a bakin taga.

Ta rasu sanyin da ya wuce. Daga ƙofarmu zuwa ruwa taku arba'in ne, na ƙirga. Shekara goma sha tara ba ta taka su ba.