Hular da Ban Ɗaga Ba

Wasanmu ba shi da dandamali, ba shi da tikiti. Da la'asar, idan layinmu ya cika da mutane, sai ɗayanmu ya fizge rediyo daga hannun Darakta, shugaban wasanmu, ya ruga. Ni kuma in fito daga shagon ɗinkina, in cire hula in ɗaga sama, in kwarma ihu, "Ɓarawo!" Makaɗi na ganin hular sai ya saki ganga, kowa ya san mu ne. A kamo ɓarawon ana dariya, a kewaye shi, 'yan kallo su zama alƙalai. Rediyon ma akwati ne kawai, ba komai a cikinsa.

Mun daɗe da dainawa. Wasu sun rasu, wasu sun tashi. Darakta, wanda asali kafinta ne, ƙafa ta zaunar da shi. Makaɗi ya kurumce.

Sai babban ɗana, mai aiki a kantin magani, ya zo da magana. Wai shi da abokansa za su sake yin wasan sau ɗaya, su ɗauka a bidiyo, don kada tarihinmu ya bi mu kabari. Shi ne zai fito a ɓarawo.

Na ce, "Wa zai gane ka? Gidajen layin nan duk baƙi ne a ciki. Masu babur ɗin bakin hanya ma ba a haife su ba lokacin da muka yi na ƙarshe."

Ya yi dariya. "Haba Baba, kai da aka ce muryarka har jariran bayan layi take tayarwa?"

Uwarsa tana ninke kaya, ba ta ɗago ba ta ce, "Ni dai a dawo min da ɗana yadda ya fita."

Na je wurin Darakta na roƙe shi a sanar da mutane tukuna. Ya dube ni sama da ƙasa.

"In an sanar, ai ya zama wasan makaranta. Tela, tsufa ne ko tsoro?"

"Duka biyun," na ce.

"To ka ajiye su a shago. Kai dai ɗaga hula, sauran na Makaɗi ne."

Ranar, tun safe ban iya zura zare a allura ba. Da la'asar aka ɗauko Darakta aka zaunar a kan benci, rediyo a cinyarsa. Makaɗi ya laɓe a lungun da ke kallon shagona, ganga a hammata, idonsa a kaina. Abokin ɗana ya hau katanga da kyamara. Na dubi layin daga farko zuwa ƙarshe, fuskokin da na sani ba su cika hannu ba.

Ɗana ya taho yana fito, ya fizge rediyon, ya ruga.

Hannuna na kan hula. Sai zuciyata ta ce, in ban yi ihu ba ai ba abin da zai faru. Zai kai ƙarshen layi, ya waiwayo, ya dawo yana fushi da ni. Fushinsa zan iya ɗauka. Na bar hular a kaina.

Wata mata mai sayar da katin waya ce ta yi ihun. Ita da gaske take, ta ga an ƙwace wa tsoho kayansa. Masu babur suka taso. Wani ya sa wa ɗana ƙafa. Makaɗi kuwa bai ji komai ba, yana tsaye yana jiran hulata.

Kafin in cire ta in ɗaga, sun rufe ɗana da duka. Ganga ta tashi, amma ba wanda ya san ma'anarta. Na kutsa ina cewa, "Wasa ne! Ɗana ne! Wasa ne!" Wani ya hankaɗa ni ya ce, "Ashe ga uban ɓarayin." Sai da rediyon ya fashe aka ga ba komai a ciki, sannan suka fara ja da baya ɗaya bayan ɗaya.

A asibiti aka ce hannu ya karye, haƙoran gaba sun zube. Uwarsa ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Ta dai ɗauke kujerarta ta koma ɗaya gefen gadon.

Abokin da ya hau katanga ya jefar da kyamara ya shiga ceto, bai ɗauki komai ba. Amma wani mai wucewa ya ɗauka da wayarsa. Kafin a sallame mu bidiyon ya zagaya gari, da rubutu a ƙasa cewa dubun ɓarawon rediyo ta cika. Mai kantin magani ya aiko cewa ya san gaskiya, amma masu sayayya ba su sani ba, yaron ya ɗan huta a gida tukuna.

Jiya na same shi kwance yana kallon bidiyon. Ya miƙo min wayar da hannunsa mai lafiya. Maganarsa ba ta fita sosai yanzu.

"Baba, saurara da kyau. Can ƙasa-ƙasa ana jin gangar."

Na kara a kunne. Ihu kawai na ji.