Tsarabar Dutse

A watan Maris na 1988, kwana biyu kafin Alhaji Illiassou ya tashi zuwa Bankok sarin yadi, maƙwabcinsa Sambat ya tsallako titi ya shigo kantinsa riƙe da ƙunshi.

Shekara takwas ke nan kantunansu suna kallon juna a unguwar La Guillotière ta birnin Lyon. Illiassou, mutumin Maraɗi, yana sayar da shadda da atamfa. Sambat, ɗan gudun hijira daga Kambodiya, dattijo ne siriri mai furfura, yana sayar da shinkafa da busasshen kifi da barkono. Gaisuwa ce tsakaninsu da Faransanci, safe da yamma, ba su taɓa zama doguwar hira ba. Amma shekara uku da suka wuce, ranar da naƙuda ta kama Hassia matar Illiassou alhali shi yana Marseille karɓar kaya, Sambat ne ya rufe kantinsa da rana tsaka ya kai ta asibiti a motar kayansa, ya zauna a benci har aka sauka lafiya. Tun daga ranar Illiassou yake neman abin da zai yi wa mutumin nan ya ji ya fita kunyarsa. Bai samu ba, don Sambat ba ya roƙon kowa komai.

"Elhaj, ina da ƙanwa a Tailan," in ji Sambat. "Ita kaɗai ta rage mini cikin 'yan'uwana. Tana wani ƙaramin gari kusa da iyakarmu, awa bakwai daga Bankok a bas. Na san da nisa. In ba dama, ka ce ba dama."

"Musye Sambat, ko awa saba'in ne zan je."

A ƙunshin akwai wasiƙa, da hotunan 'ya'yansa, da maganin hawan jini. Sambat ya rubuta sunan garin a takarda da baƙaƙen can, don a nuna wa direba. Yana bakin ƙofa ya juyo.

"Akwai wani tsohon wurin ibada a bayan garin, ginin kakanninmu Khmer, ya kusa shekara dubu. Ka ce su kai ka. Ka gani da idonka, ka zo ka ba ni labari."

Illiassou ya gama sarinsa cikin kwana huɗu. Rana ta biyar ya hau bas. Hanya ta ratsa gonakin shinkafa da aka girbe suka bushe, ɓaunaye kwance cikin ragowar tabkuna. Garin titin kwalta ɗaya gare shi, da kasuwa mai rumfunan kwano, da gidajen katako a kan dogayen ginshiƙai. A inuwar ƙarƙashin gidajen mata suna saƙar siliki, kaji suna kiwo tsakanin ƙafafunsu.

Sunan ƙanwar Bofa. A tsaye ta fara karanta wasiƙar, ta ƙarasa ta a zaune kan matakala. Hotunan suka bi hannun maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Da aka kawo abinci, Illiassou ya shiga kwatanta musu da hannu cewa ba ya cin naman alade. Bofa ta yi dariya, ta ɗaga wasiƙar ta nuna masa wani layi da yatsa. Yayanta ya riga ya rubuta wannan. Shinkafa ce da gasasshen kifi. Da lokacin salla ya yi, ta kawo masa ruwa a ƙwarya ta shimfiɗa masa tabarma, shi ma wannan yana cikin wasiƙar.

Washegari mijinta ya goya shi a babur suka bi wata jar hanya cikin kurmi. Kangon wurin ibadar yana gefen wani tabki mai kusurwa huɗu. Hasumiya uku ne na dutse, ɗaya ta zube, saiwar itace ta naɗe ta biyun. Gumakan da ke bakin ƙofa duk ba kawuna. Mijin Bofa ya cire takalmi, ya haɗa tafin hannu ya sunkuya, sannan ya nuna wa baƙon cewa zai je wata bukka ya samo musu kwakwar sha. Ya tayar da babur ya tafi.

Illiassou bai shiga ciki ba. Ya tsaya yana kallon dutsen da ya kewaye ƙofar, irin kallon da yake yi wa yadi kafin ya taya. Furanni ne da ganyaye aka sassaƙa, layi a kan layi, kowane fure da irin naɗinsa. Duk aikin babbar riga da ya taɓa gani bai kama ƙafar wannan ba.

Tun jiya maganar tsaraba take damunsa. Matafiyi ba ya shiga gidan maƙwabci hannu rabbana, balle wannan maƙwabcin. Siliki ba zai yi wa Sambat amfani ba, agogo kuma ko a Lyon akwai. Sai ya tuna shekarar da ya dawo daga hajji. Huluna da tasbahohi an karɓa an yi godiya, amma abin da ya sa tsofaffi hawaye ruwan Zamzam ne, abin da ya fito daga wurin kansa. Mutumin da aka raba da ƙasarsa, me zai fi masa guntun ginin kakanninsa?

Ya duba ƙasa. Duwatsun da suka faɗi manya ne, ƙananan kuma ba zane a jikinsu. Wani mutum da ke kiwon shanu a gefen tabki ya matso yana kallonsa. Illiassou ya nuna masa fure ɗaya a jikin ƙofar, ya nuna jakarsa, ya yi alamar jirgin sama da hannu. Mutumin bai yi mamaki ba. Ya shiga bayan wani kurmi, ya fito da guduma da wani ƙarfe mai kaifi, kamar dama a can suke ajiye.

Sau uku ya doka. A na uku furen ya ɓalle, faɗinsa kamar tafin hannu biyu. Amma tsaga ta bi dutsen ta yi ƙasa, hannun wata mace da aka sassaƙa a ƙarƙashin furen ya faɗo ya dagargaje. Inda furen yake ya zama fari fat a tsakiyar baƙin dutse. Mutumin ya karɓi takardar kuɗin da aka miƙa masa, ya ture ɓaraguzan cikin ciyawa da ƙafa, ya koma wajen shanunsa.

Da Illiassou ya ji ƙarar babur, ya yi sauri ya naɗe dutsen a tawul ya tura ƙasan jaka. Ya ce wa kansa don kada labari ya riga shi zuwa Lyon ne. Sannan ya je ya tari mijin Bofa a ɗaya gefen ginin, suka sha kwakwarsu a can.

A Paris taubashinsa Daouda ne ya tarye shi a filin jirgi. Daouda yana lodin kaya a kasuwar Rungis, yana zaune a Saint-Denis. Ya ɗaga jakar hannu, ya sake ajiye ta.

"Kai Illa, mi ka zuba ciki? Turmi?"

"Ɗauki mu tafi, rago. Ba lodi ne aikinka ba?"

A gida Daouda bai bar shi ya huta ba sai da ya buɗe tawul ɗin.

"La ila! Alhaji guda da gunki cikin jaka!"

"Wane gunki? Fure ne, buɗe idonka."

"Mutane suna zuwa Bankok su dawo da rediyo da agogo, kai ka dawo da dutse. Na Maraɗi sun ƙare ne? Da ka faɗa mini da na tsinto maka guda a bakin tashar jirgin ƙasa, ba sai ka biya jirgi ba." Ya juya dutsen a hannu. "Amma aikin ya yi kyau, wallahi. Ina ka samo shi?"

"Tsinta na yi. A ƙasa yake."

Maganar ta fito masa a sauƙaƙe, har shi kansa ya lura. A jirgin ƙasa zuwa Lyon ya rungume jakar a cinya, ya maimaita ta a zuci sau da yawa. Ita ya faɗa wa Hassia da ya isa gida.

Ranar Litinin da hantsi ya sa farar shadda ya tsallaka titi. Ba mai saye a kantin. Ya ba Sambat amsar wasiƙarsa da mayafin da Bofa ta saƙa masa, ya ba shi labarin gidan da kifin da tabarmar salla. Dattijon yana saurare yana gyaɗa kai, ya tambayi ko ta rame, ko tana tari.

"Kangon fa? Ka gani?"

"Na gani. Har na zo maka da tsarabarsa."

Ya ɗora ƙunshin a kan kanta, kusa da sikeli, ya warware.

Sambat bai taɓa shi nan da nan ba. Ya ciro tabarau daga aljihu ya sa, ya goge hannuwansa a jikin riga, sannan ya ɗauka da hannu biyu. Bai daɗe a kan furen ba. Bayan dutsen ya juya, ya bi shi da babban yatsa.

"Ina ka same shi, Elhaj?"

"A ƙasa. Ya faɗi ne, na tsinta."

"Dutsen da ya kwana ɗaya a ƙasa da damina bayansa yakan yi duhu. Wanda ya shekara yakan yi baƙi." Ya karkata shi wajen haske. "Ga bakin ƙarfe nan. Ɗaya, biyu, uku. Wanda ya yi bai iya ba. Ya sa ƙarfen a tsaye, don haka tsaga za ta bi ƙasa. Me ya faɗo tare da shi?"

Illiassou ya kalli buhunan shinkafa.

"Hannun wata mace," ya ce. "Ni na nuna wa mutumin. Ni na sa shi."

Sambat ya ajiye dutsen a kan tawul a hankali.

"Ka san aikin da nake yi kafin yaƙi?"

"A'a."

"Shekara goma sha huɗu ina aiki a irin waɗannan kangaye. Mukan tono duwatsun da suka zube, mu sa wa kowanne lamba, mu nemi ɗan'uwansa, mu mayar da shi inda yake. Akwai ƙofa ɗaya da ta ci mana shekara biyu. Guntu ɗaya kamar wannan na nema wata huɗu, na same shi cikin gonar wani." Muryarsa ba ta canza ba, kamar yana faɗin farashin barkono. "Kawunan gumakan da ka ga babu, haka suka tafi. Kowa da jakarsa."

Shekara takwas Illiassou yana gaida mutumin nan safe da yamma, bai taɓa tambayarsa ba. Shi kuwa har ruwan alwalarsa ya rubuta a wasiƙa.

"Musye Sambat, na ɗauka kamar ruwan da muke kawowa daga Makka ne. Na ɗauka za ka ji daɗi."

"Rijiyar takan ragu in kun ɗiba?"

"A'a."

Wata mata ta shigo sayen kifi. Sambat ya auna mata, ya naɗe, ya yi mata godiya. Duk wannan lokacin Illiassou yana tsaye gefe da hannuwa a baya, bai san inda zai sa idonsa ba. Da ta fita, dattijon ya yago takardar naɗe kaya, ya tura masa da fensir.

"Zana mini ƙofar. Wace hasumiya ce?"

"Ta tsakiya."

"Gefen dama ko na hagu? In kana fuskantar ta."

"Hagu."

"Tsayin fa? Nuna mini a jikinka."

Illiassou ya sa hannu a kafaɗarsa. Ya zana ƙofar yadda ya iya, ya sa alama inda furen yake da inda makiyayin ya tura ɓaraguzai. Sambat ya gyara layi biyu, ya yi rubutu da baƙaƙensu a gefe. Ya ɗauko alƙalamin da yake sa farashi da shi, ya rubuta lamba ƙarama a farin bayan dutsen, ya rubuta irinta a takardar.

"Yaushe za ka koma Bankok?"

"Sai bayan babbar salla. Wata huɗu."

"Za ka kai wa mijin ƙanwata, tare da takardar nan. Shi zai kai wa malamin ibadar garin ya ajiye, har ranar da masu gyara za su zo, in za su zo. Zai tambaye ka yadda aka yi. Ba zan rubuta masa ba. Kai za ka nuna masa."

"Zan kai. In Allah ya yarda zan kai."

Sambat ya naɗe tawul ɗin ya tura masa.

"Ba za ka ajiye shi nan ba kafin lokacin?" in ji Illiassou.

"A'a, Elhaj. Ba zai kwana a wajena ba." Ya cire tabarau. "Na gode da saƙon ƙanwata. Tafiya ce mai nisa, kuma ka yi ta."

Illiassou ya rungumi ƙunshin ya tsallaka titi. Hassia tana kanti tana jera sababbin yadudduka. Ta ga abin da ke hannunsa.

"A'a, Alhaji, ba ka samu Musye Sambat ba ne?"

"Na same shi."

"To mi ya faru? Bai so ba?"

Ya durƙusa ya tura ƙunshin can ƙarƙashin kanta, bayan bandiran shadda. Ya daɗe a durƙushe kafin ya miƙe.

"Jawo kujera ki zauna," ya ce. "Ba tsintarsa na yi ba."