Ƙeyar Malama

Sai da na yi sawu uku a makarantar kafin a mayar da Auta bencin gaba. Ba ta ji sosai, bakin mutum take kallo ta gane magana.

"Ga ta nan a gabana, Maman Auta," in ji malamarsu. "Ko tari na yi sai ta ji."

Ran Laraba na leƙa ta taga. Malama ta juya wa aji baya, tana rubutu a allo tana ta bayani. Ban shiga ba. Ko haushi ban ji ba.

Da muka koma gida Auta ta zana malamarsu: kai, kafaɗu, alli a hannu.

Na kawo bakina saitin idonta. "Ina fuskar?"

"Ai haka take, Mama."