Siket Ɗin Kabad

A ƙarshen barandar 'yan aji biyu akwai wani ɗaki da shugabar makaranta ta raɗa wa suna Ɗakin Natsuwa. Da can ma'ajiyar tsintsiya ne. Aka shafa masa fenti, aka sa kujeru da kabad, aka ɗauko malamar da ta fi kowa haƙuri aka ce ita ce mai kula da damuwar yara. 'Yan matan suna ce mata Anti.

Tun da mahaifiyar Auta ta rasu yarinyar ta fara sakin fitsari a aji. Ba ta kuka, ba ta ɗaga hannu. Sai dai ta ƙame a benci har ta kusa da ita ta janye ƙafa. Anti ce ke zuwa ta kama hannunta, ta kai ta ɗakin, ta goge mata jiki, ta ciro mata siket daga kabad.

"Ba komai, 'yata. Ko kullum ne, ga siket nan."

Abin da Anti ba ta lura ba, tufafin kabad ɗin na tsofaffin ɗalibai ne, wanki ya cinye shuɗinsu sun koɗe. Duk yarinyar da ke makarantar tana gane su daga nesa. Manya ne kawai ba su sani ba, kuma manya ai ba sa tambaya. Auta na fitowa, 'yan aji sai su toshe hanci, wata ta ce, "A ba Siket Ɗin Kabad hanya!"

Ana nan, abin ya ɗauke ɗif. Mako ya bi mako Auta ba ta jiƙa benci ba. A taron malamai shugaba ta yaba har da tafi, ta ce wannan shi ake kira kula da ɗalibai. Anti ta sunkuyar da kai, amma daɗi ta ji har cikin ranta. Da ta haɗu da yarinyar a baranda ta shafa kanta. "Kin gani? Kin zama babba." Auta ta gyaɗa kai.

Ranar motsa jiki, ana tsakiyar tsallen igiya, Auta ta yanke jiki ta faɗi. Nas ɗin makaranta ta taɓa goshinta ta ji zafi rau, ta dubi leɓɓanta duk sun tsage.

"Yaushe rabon yarinyar nan da ruwa?"

Anti ta ruga aji ta buɗe jakar Auta. Gorar ruwan na ciki, cike, ko murfin ba a murɗe ba.

A asibiti goggon Auta, wadda ke riƙonta, ta iso da gyale a hannu tana haki. Likita ya ce ciwon ya taɓa ƙoda, sai an kwantar da ita. Goggon ta juyo kan Anti.

"Malama, ni fa ce min ta yi a makaranta take sha. Da safe ko shayi ba ta karɓa. Gorar kuwa kullum wayam take dawowa."

"A bakin ƙofa take zubarwa," in ji Anti a hankali. Sai yanzu ta tuna ta sha ganin yarinyar tsugune gindin fulawa bayan an tashi, har ta ce a ranta, ga mai tausayin shuka.

Da Auta ta farka, robar ƙarin ruwa na maƙale a hannunta. Anti ta tsiyaya ruwa a kofi ta kai bakin yarinyar. Kunya da baƙin ciki sun cika Anti.

"Sha, 'yata. Ko kurɓi ɗaya."

Auta ta zuba wa kofin ido, maƙogwaronta na motsi. Ta datse baki ta kau da kai.

"Anti, gobe akwai makaranta?"

"Babu. Sai kin warke."

"Jibi fa?"

"Har jibin."

Yarinyar ta kama kofin da hannu biyu ta shanye tas, ruwan na bin haɓarta. Ta miƙo a ƙara.