Ruwan da Bai Ga Wuta Ba

Lokacin da aka haifi Sakinatu, 'yarmu ta fari, surukata Inna Atika ta ɗauke matata Bahijja zuwa Gyallesu wankan gida. Aka ce mini kwana arba'in ne. Wata uku cur na yi ina zarya teburin mai shayi, har mai shayin ya ja ni gefe ya tambaye ni ko yaji aka yi mini. Don haka da ciki na biyu ya tsufa, na ci alwashin wannan karon ba inda za a kai mini mata.

Hujjar Inna kullum ita ce ruwan zafi. Wai gidana na Tudun Wada tafin hannu ne, ba inda za a girka tukunyar wankan jego safe da yamma. Sai na sayo na'urar dafa ruwa mai aiki da rana, tanki ne a kwance bisa jerin bututan gilashi, na kira Olisa ya ɗora ta a saman banɗaki. Olisa mai aikin famfo ne, ɗan ƙabilar Ibo, amma a Zariya aka haife shi. In yana magana ta bayan katanga, sai ka rantse daga cikin ganuwa ya fito.

Na ɗauka an gama aiki, sai na ga ya zaro wani ɗan ƙarfe ruwan tagulla ya ɗaura a saman tankin. Ya jona masa siririn bututun ƙarfe, ya biyo da shi jikin bango har kusa da ƙasa, daidai bakin magudana, ya bar bakinsa a buɗe.

"Wannan fa, ina kan famfonsa?" na tambaye shi.

"Ba shi da shi, Malam Suhaibu. Na saman nan bawul ne. In ruwa ya yi zafi ya cika tanki da ƙarfi, shi zai buɗe da kansa ya rage ta wannan bututun. Kada a toshe shi, kada kuma Sakinatu ta yi wasa a wurin."

Na ce to, irin to ɗin da nake ce wa ogana a ofishinmu na unguwar Kongo, wanda ba ya wuce kunne.

Bayan mako biyu Bahijja ta sauka lafiya, aka samu namiji. Inna ta iso da damin ganyen dogonyaro na wanka. Ta ɗaga kai ta dubi abin da ke saman banɗaki, ta daɗe tana dubansa. Ba ta yi mini magana ba, don suruka ba ta ja-in-ja da mijin 'yarta. Ɗaki ta shiga ta faɗa wa Bahijja, da muryar da har maƙwabta suka ji.

"Ruwan da bai ga wuta ba, shi za a gasa wa mai jego jiki da shi? Shanyar kuɓewa aka mai da ke? Washegarin suna za mu tafi."

Ina tsugune a bakin ƙofa, bakina cike da bayani, amma ba halin fitarwa. A ranar ta kafa duwatsu uku a kusurwar tsakar gida ta hura wuta, ta kuma hana kowa taɓa famfon ruwan zafin.

To, bazara ce, rana kamar ta sauko ƙasa, ga tanki a cike ba mai ɗiba. A rana ta uku bayan azahar sai bututun Olisa ya fara ɗiga. Na ji Inna tana cewa da Bahijja, "Ga shi ma tun ba a je ko'ina ba ya fara yoyo." Kunya ta kama ni har ƙafa.

A garin nan, duk wanda ya taɓa jiran ruwan famfo mako guda ba zai ga ɗigo ya wuce ba, kuma maganin yoyo ɗaya muka gada. Na zari icce daga cikin na Inna, na fere shi, na buga a bakin bututun, na naɗe da robar tayar babur tamau. Ɗigo ya tsaya cak. Na karkaɗe hannu ina jin kaina injiniya.

Ana gobe suna, wajen ƙarfe biyu na rana, Olisa ya zo barka da sabulu a leda. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya juya don ya duba aikinsa, sai fara'arsa ta ɗauke.

"Wa ya yi wannan?"

Na shiga kallon sama. Daga ɗaki Bahijja ta ce, "Injiniyan gidan ne."

Olisa bai yi dariya ba. "Mama, don Allah a shiga da Sakinatu ɗaki. Kowa ya ja baya." Sannan ya dube ni. "Malam Suhaibu, wannan ɗigon da ka ji kunyarsa, shi ke hana tankin fashewa. Kuma ka san wadda ke wanka a ƙarƙashinsa."

Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, ban kuma taɓa raina wayona haka ba.

Ya raɓe a jikin bango, ya miƙa hannu da wuƙa ya yanke robar. Iccen ya fita da gudu, ya daki ƙasa ya tashi ya doki murfin tukunyar Inna, ƙwal. Ruwa ya biyo baya yana huci, tururi ya turnuƙe tsakar gida har ba na ganin Olisa.

Da ya lafa sai ga Inna ta fito. Ta tsinko ganye ta jefa inda ruwan ke gudana, nan take ya yi laushi ya sake launi. Ta tsaya tana kallonsa.

"Ɗan nan," ta ce wa Olisa, "wannan duk aikin rana ne?"

"Rana ce, Mama, ba icce ko tsinke."

Ta shiga banɗaki da kanta, muka ji ta murɗa famfo cikin baho. Can sai ta leƙo tana yarfe yatsa.

"A kawo mini na sanyi in sirka, kada in saɓule wa yarinya fata."

Da ba gaban suruka ba ne, da na taka rawa. Olisa ya hau sama ya gwada bawul ɗin sau biyu, ya ce lafiya yake, sannan ya sa na maimaita masa dokar bututun a gaban kowa, kamar ɗan aji ɗaya.

Da la'asar Bahijja ta kira ni tana danne dariya.

"Abban Sakinatu, Inna ta fasa tafiya da ni."

Na ce alhamdu lillahi.

"Ta ce tunda ruwan yana nan, ita za ta zauna. Har ta aika a kawo mata kayanta daga Gyallesu, wai gwiwoyinta ma suna son ruwan. Ita za ta kwana da mu a ɗaki, kai kuma an shimfiɗa maka tabarma a falo."

Tabarmar nan ta ci mini baya ba kaɗan ba, kuma a cikin gidana sai na cire takalmi na yi sanɗa. Amma kullum na dawo daga aiki na yi sallama, muryar Bahijja ce take amsa mini.