Goyon Ƙarfe a Kabong

Karo na uku ke nan Baba Alphonsus yana kiran Rwang a kan aiki ɗaya. Rwang ya rufe shagon waldarsa na Kwararafa tun rana ba ta yi sanyi ba, ya zuba sifanu a jaka, ya hau babur zuwa Kabong yana ta mita shi kaɗai a hanya. Shekararsa tara yana walda. Ya yi ƙofofin gidaje, ya yi karagar tankin ruwa mai hawa biyu, ba wanda ya taɓa dawo masa da aiki. Sai wannan ɗan farantin ƙarfe mai zobe biyu, wanda bai ma kai tsawon kamu ɗaya ba.

Baba Alphonsus tsohon ma'aikacin safiyo ne. Da ya ajiye aiki, 'yarsa ta aiko masa da madubin hangen taurari guda biyu, babba da ƙarami, kowanne da kyamararsa, da wani inji mai ƙafa uku da ke juya su. Babban farin bututu ne mai sheƙi, ƙaramin kuwa bai wuce tocilar masu gadi ba. Ranar farko Baba ya yi masa bayani a tsanake.

"Sama tafiya take yi, ɗana. Babban zai buɗe ido minti biyar yana ɗaukar hoto. Ƙaramin shi ne ɗan jagora, tauraro ɗaya yake kallo, yana gaya wa injin ya bi shi. Abin da nake so, ka yi mini ƙarfen da babban zai goya ƙaramin."

Rwang ya yi, kuma ya san ya yi da kyau.

Yau ya tarar da Baba a bayan gida, a kan shimfiɗaɗɗen dutsen da ya mayar wurin aikinsa, ga kwamfuta a kan kujerar roba. Matarsa, Mama Klaudiya, tana gefe tana yanka yakuwa da gauta na gwate.

"Yana motsi," in ji Baba.

"Baba, ina wuni tukuna."

"Lafiya. Yana motsi."

Rwang ya ajiye jaka. Ya kama farantin da hannu biyu ya jijjiga shi da ƙarfinsa, har ƙafafun injin suka yi ƙara a kan dutse.

"Kai! Kai! Ƙofar gareji ka samu?"

"To ina motsin, Baba? Zuwan farko na ƙara walda. Zuwa na biyu na canza noti duka huɗu. In na ƙara ɗaure shi, sai dai ya karye."

Baba ya juyo masa da kwamfutar. Hoton jiya ne. Taurarin duk sun fito dogo-dogo, kamar an watsa shinkafa a kan baƙin tire.

"Haka Allah ya yi tauraro?"

"Ni ban taɓa zuwa can ba, Baba."

Mama Klaudiya ta yi dariya ba ta ɗago kai ba. "Oga welda, ka yi haƙuri da shi. Ni shekara arba'in da ɗaya yana gaya mini tebur ɗin falo ya karkace."

Baba bai kula ta ba. Ya nuna yamma da yatsa. "Kaza da 'ya'yanta nake so, taurarin nan da ke dunƙule wuri ɗaya. Kullum tana ƙara faɗuwa da wuri. Satin nan ne kawai ya rage mini, ga hadari ya fara haɗuwa. In ta wuce, sai Nuwamba. Ni kuwa shekarata saba'in da huɗu, ban yi alkawari da Nuwamba ba."

Rwang ya waiga gabas. Gaskiya ne, wani baƙin gajimare ya kwanta a bayan duwatsu. Ya sauke numfashi.

"To nuna mini motsin da idona. Hannuna dai bai ji komai ba."

Nan Baba ya koma ma'aikacin safiyo. Ya saita babban madubin a kan tsinin wani dogon ƙarfen sadarwa da ke can bisa tudu, har tsinin ya zauna daidai tsakiyar allon kwamfuta. Ya buɗe hoton ƙaramin a gefe, ya ɗiga alama da biro a kan ɗan salatif da ya manna a allon, inda tsinin ya tsaya. Sannan ya juya injin, bututun biyu suka kalli sama, ya bar su ɗan lokaci, ya dawo da su. Babban ya koma kan tsinin daidai. A hoton ƙaramin kuwa, tsinin ya ɗan kauce daga alamar.

"Wannan?" Rwang ya kusa sa hancinsa a allon. "A kan wannan na rufe shago sau uku? Baba, ko silin gashi bai kai ba!"

"A nan silin gashi ne. A sama ya fi daga nan zuwa Bukuru."

Rwang ya cire hula ya sosa kai. A sana'arsa, abu in ka rataya a jikinsa bai girgiza ba, ya zaunu. Wannan kuwa wani irin motsi ne da ba hannu ke jin sa ba, sai tsoho mai tabarau da biro.

Baba ya sa yatsa ɗaya ya ɗan danna gindin ƙaramin, ya saki. Dukansu suna kallon allon. Tsinin ya kauce, sannan ya riƙa dawowa a hankali, a hankali, bai ma iso wurinsa ba ya tsaya. Baba ya sake dannawa. Ya cire tabarau ya dubi Rwang.

"Ƙarfe ba ya dawowa a hankali kamar katifa. Me ka sa a cikin zoben nan?"

Rwang ya dubi jakarsa.

"Rwang."

"Tif ne kawai, Baba."

"Tif?"

"Tif ɗin tayar babur. Na yanka siriri na manna a ciki, na bi shi da baƙin fenti. Ko kariyar ɗora kaya a bayan babur zan ɗaura, sai na sa roba saboda kada ta ci fenti, balle wannan abu da 'yarka ta aiko tun daga nesa. Kuma ai kai ka ce goyo. Wa ke goya yaro a kan tsurar ƙarfe?"

Mama Klaudiya ta ajiye wuƙa, ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ka ji mai hankali! Sati biyu kana zagin injin, kana zagin iska, har akuyar maƙwabta ka ce ita ke girgiza dutse!"

"Kuma ba ka gaya mini ba," in ji Baba, muryarsa can ƙasa.

"Kyauta na yi maka, Baba. Ba a yin shelar irin wannan."

Baba ya ɗaga hannu biyu sama, ya sauke su a kan cinya. "Cire."

"Zai karce fentin."

"Ya karce."

"Fari ne fa, Baba. Kowa zai gani, a ce aikin Rwang ne."

"Fenti zan ɗauka hoto? Cire, rana tana faɗuwa!"

Cirewar ma ba ta zo da sauƙi ba, don Rwang ba ya manna abu da wasa. Da reza ya riƙa kankare gam ɗin, Baba yana tsaye a kansa yana duba agogo. Da aka gama sai zobban suka yi wa ƙaramin bututun yawa, yana lilo a ciki. Rwang ya rufe ido na ɗan lokaci.

"Mama, akwai gwangwanin madara?"

"Wanda nake awon acca da shi? Ku biyu kun haukace."

Amma ta kawo. Ya yanka shi falle-falle da almakashin ƙarfe, ya naɗa a cikin zoben, ya fara ɗaure noti. Da ya ji fentin ya yi ƙas a ƙarƙashin ƙarfe, sai da ya cije leɓe.

"Ƙara," in ji Baba.

Ya ƙara. Baba ya danna gindin ƙaramin da yatsa. Tsinin bai ko gusa ba.

Lokacin an fara kiran magariba daga nesa, sanyin Jos ya fara saukowa. Sai da suka jira duhu ya ɗan kankama kafin Kaza ta bayyana, ƙasa-ƙasa a yamma, gajimaren kuwa ya riga ya cinye rabin sama. Baba ya saita, ya danna ɗaukar hoto.

"Minti biyar. Kada wanda ya taka dutsen nan. Kada wanda ya yi tari."

Rwang ya tsaya ƙiƙam da sifana a hannu. Sauro ya sauka a wuyansa, ya bar shi ya sha. Bai taɓa sanin minti biyar na da tsawo haka ba.

Hoton ya fito. Baba ya ƙara girmansa, ya sake ƙarawa. Taurarin sun zauna ɗigo-ɗigo, kowanne a dunƙule, da wani shuɗin hayaƙi kewaye da manyan. Baba ya jawo kujera ya zauna, ya danna na biyu.

"Ya yi?" Rwang ya tambaya da raɗa.

"Yi shiru."

Na biyun ma ya fito. Ana tsakiyar na uku gajimaren ya rufe Kaza ruf, iska ta taso da ƙamshin ƙasa, ɗigon farko ya faɗo a kan allon.

"Ruwa!" in ji Mama Klaudiya, ta suri kayan gwatenta.

Baba ya rungume kwamfuta. Rwang ya yar da sifana ya kai hannu zai ɗauki madubin.

"Ba ta nan ba! Kada ka taɓa ƙaramin! Ta ƙasa, Rwang, ta ƙasa!"

Rwang ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe madubin biyu, ya sunkuci injin ta ƙafafu, ya bi tsohon zuwa cikin gida, ruwa yana dukan bayansa.