Ƙafar Malam Ja'afaru

A shekarar 1975, lokacin da ake ta sallamar ma'aikatan gwamnati, wasu don tsufa, wasu don rashin lafiya, ciwon baya ya kama Malam Ja'afaru. Akawu ne a wata ma'aikata, gidansa a Malali. Ciwon ya taso daga ƙugu ya gangara ƙafar hagu, har takalmi kan suɓuce masa bai sani ba. Ban da matarsa Safara'u, ba wanda ya gaya wa.

Labaran, wanda suke ofis ɗaya, shi ya fara lura.

"Malam Ja'afaru, ƙafar nan jan ta kake yi."

"Kaushi ne," in ji shi, ya kawar da kai.

Da Labaran ya ce ya san wani likita, Dakta Shehu, har ya yi masa magana, sai Ja'afaru ya tsargu. Wa ya aike shi? Labaran ne ke bi masa a muƙami. Takarda ɗaya daga likita ta isa a raba shi da kujerarsa.

Ya yi ta kakkaucewa, har safiyar da ƙafar ta zubar da shi a ƙofar gida. Safara'u ta tari tasi ta kai shi wurin likitan, ba ta nemi shawararsa ba.

Dakta Shehu ya ce ya taka a kan dugadugai, ƙafar hagu ta ƙi ɗaguwa. Ya kwantar da shi ya ɗaga ƙafar a miƙe, Ja'afaru ya saki salati. Ya tsikare shi da allura a bayan ƙafa, bai ji ba.

"Malam, fitsari fa, yana fita daidai?"

Ja'afaru ya zuba wa biron likitan ido. "Likita, wannan rubutun ina za shi?"

"Katinka ne, nan zai zauna."

"Lafiya lau yake fita."

"Maigida, ka ji tsoron Allah," in ji Safara'u. "Likita, tun jiya sai ya yi ta yunƙuri. Ya ce ko mazaunansa ba ya ji."

Likitan ya ajiye biro. "Jijiyoyi ne suka danne a ƙashin baya. Yau za a ɗauki hoto a yi aiki. In aka jira, ƙafar ba za ta dawo ba."

"Labaran ne ya ce ka faɗi haka?"

"Labaran bai san komai a kan jijiya ba, Malam."

Sai da Safara'u ta yi kuka sannan ya sa hannu.

Aikin ya yi kyau. Fitsari ya daidaita cikin mako biyu, ƙafar kuwa ba ta koma kamar da ba. Bayan wata uku ya koma ofis da sanda, ya tarar da kujerarsa. Labaran ya taso da murna ya yi masa barka. Ja'afaru ya amsa, sannan ya buɗe aljihun teburinsa ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya.